Ingeborg Hochmair: injiniyar da ta ƙera na'urar dasawa a kunnen kurame

Ingeborg Hochmair injiniyar lantarki ce 'yar ƙasar Ostiriya, an haife ta a birnin Viyana a shekarar 1953. Ta yi karatu a Jami'ar Fasaha ta Viyana, inda ta fara bincike tare da Erwin Hochmair, wanda daga baya ya zama mijinta, kan yadda za a tayar da jijiyar ji da wutar lantarki.

Matsalar da ta tunkara

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi da ake kira kokiliya. Ƙwayoyin halitta masu gashi da ke cikinsa su ne ke mayar da sauti ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma idan ɓarnar ta yi yawa, na'urar ƙara sauti ba ta wadatarwa. Sai dai sau da yawa jijiyar kanta tana nan da rai.

Yadda na'urar ke aiki

Ɓangaren waje yana ɗaukar sauti ya sarrafa shi, ya tura ta cikin fata zuwa ɓangaren da likita ya dasa a bayan kunne. Daga nan wata siririyar waya da aka zura cikin kokiliya ke taɓa jijiyar da 'yar wuta a wurare daban-daban, kowane wuri da irin sautinsa. A watan Disamba na 1977 likitan tiyata Kurt Burian ya dasa na'urarsu ta farko a Viyana. Daga baya ma'auratan suka kafa kamfanin MED-EL a Insbruk. A 2013 ta samu lambar yabo ta Lasker tare da Graeme Clark da Blake Wilson.

Abin da ya shafe mu

Sanƙarau na daga cikin cututtukan da ke kurumtar da yara a yankinmu. Bayan cutar, kokiliya kan iya cikewa da ƙashi cikin watanni kaɗan, dashen ya yi wuya. Don haka duk yaron da ya warke daga sanƙarau a kai shi gwajin ji ba tare da jinkiri ba. Na'urar na da tsada, kuma yaro na buƙatar horon magana na dogon lokaci, amma waɗanda aka yi wa dashen da wuri sun fi koyon magana.