Rahoton shiga da fitar kuɗi: abin da yake nuna wa mai ƙaramar sana'a

Rahoton shiga da fitar kuɗi, wanda ake kira tableau des flux de trésorerie da Faransanci, jadawali ne da ke nuna kuɗin da suka shigo hannu da waɗanda suka fita a cikin wani lokaci, wata ɗaya ko shekara. Manhajojin lissafi irin su Sage da Odoo na fitar da shi daga abin da aka shigar musu.

Ba ɗaya yake da lissafin riba ba. A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Maraɗi da ya sayar da shinkafa ta sefa miliyan 5 a wata, amma miliyan 3 bashi ne. Lissafin riba zai ƙidaya miliyan 5 ɗin duka, wannan rahoto kuwa miliyan 2 kawai ya sani. Idan ya biya dillalai da haya da albashi miliyan 3, to cinikin ya ci masa miliyan 1, ko da takarda ta ce ya samu riba. Irin wannan giɓi ne ke hana kanti sabunta kaya alhali kasuwa na tafiya.

Rahoton kashi uku ne: kuɗin ciniki na yau da kullum, kuɗin jari kamar sayen firji ko mota, sai kuɗin da aka samo daga waje, wato rance ko abin da mai sana'a ya zuba. Na farkon ya kamata a fi sa wa ido. Idan rance ne ke cike raminsa wata bayan wata, akwai matsala.

A ƙasashen OHADA 17, ciki har da Nijar, sabon tsarin SYSCOHADA da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018 ya sa wannan jadawali a madadin tsohon TAFIRE. Ƙananan sana'o'i da cinikinsu na shekara bai kai miliyan 60 ba a saye da sayarwa, 40 a sana'ar hannu, 30 a ayyukan hidima, na iya bin tsari mai sauƙi da ake kira SMT.

Manhaja dai ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. Kuɗin cefane da aka zara daga aljihun tebur, ko wanda ya shigo ta Airtel Money ba a rubuta ba, sukan karkatar da lissafi. Shi ya sa a ƙarshen wata ake gwada adadin da ke ƙasan jadawalin da kuɗin da ke hannu, da na banki, da na waya.