Daga Iska Zuwa Ruwa: Yadda Aka Rage Zafin Leƙen Hanji

Babban hanjin mutum ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe yake kwance cikin ciki. A shekarar 1969 ne likitoci biyu, William Wolff da Hiromi Shinya, a asibitin Beth Israel da ke New York, suka shiga sahun farko na masu zura bututu mai fitila a bakinsa ta dubura har ya zagaye hanjin, aikin da ake kira kolonoskofi. Tun daga lokacin ake fama da zafinsa.

Abin mamaki, fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Ana iya tsinke ɗan tsiro a jikinta majinyaci bai ko motsa ba. Abin da hanji ba ya jurewa shi ne a buɗa shi ko a ja shi, aikin kuwa duka biyun yake yi. Likita na hura iska don hanjin ya buɗe ya gani, ciki ya kumbura kamar ganga. Bututun kuma idan ya iso lanƙwasar nan ta ƙasan ciki daga hagu, sai ya yi gammo, ana turawa yana ɗaure tantanin da ke riƙe da hanji. A nan majinyaci ke damƙe ƙarfen gado.

Amurka ta bi hanya mai sauƙi, wato allurar barci. Amma wanda aka yi wa ita ba zai tuƙa mota ranar ba, sai da ɗan rakiya, ga kuɗi, ga buƙatar mai lura da numfashinsa. A ƙasashe irin su Norway, inda aka saba yin aikin ido biyu, dole aka nemi tushen ciwon.

Iskar aka fara sauyawa. Tun 1974 aka kawo shawarar amfani da iskar kabon dayoksaid, wadda jini ke tsotsewa da sauri a fitar da ita ta numfashi, sai dai an daɗe ba a karɓe ta ba. A 1993 kuma masu bincike a Ingila suka fito da na'urar maganaɗisu mai nuna siffar bututun a allo, likita ya ga gammon ya warware shi.

Labarin ruwa ya fi burge ni, domin rashi ne ya haife shi. A 1984 masu bincike biyu, Falchuk da Griffin, sun bayyana cewa zuba ruwa na taimakon bututu ya wuce wurin da ya matse. Maganar ba ta yaɗu sosai ba. Sai a 2002, a asibitin tsofaffin sojoji na Sepulveda da ke Kalifoniya, ƙarancin ma'aikatan jinya ya hana ba da allurar barci. Dakta Felix Leung ya ci gaba da aikin ga masu yarda a yi musu a farke, daga nan ya shiga gyara dabarar: a kashe famfon iska ɗungurum, a zuba ruwa mai ɗumi, a zuƙe wanda ya gurɓace tare da iskar da ta maƙale. Majinyaci na kwance ta gefen hagu, nauyin ruwan ya janyo lanƙwasar ta ɗan miƙe, bututu ya sulale.

Sauran aikin na hannu ne: nas ta danna tafinta a mara don hana gammo, a ce wa majinyaci ya juya rigingine, likita ya riƙa ja da baya kafin ya sake turawa.