Wace Ce Tata? Salsalar Gidan Ɗantata Daga Madobi Zuwa Legas

Babu Bakanon da bai san sunan Ɗantata ba, amma shiga Kantin Kwari ka tambaya wace ce Tata, kaɗan ne za su ba ka amsa. Tata dai mace ce, kuma ba ita ta haifi Alhassan ba. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Mutanen gidan Agalawa ne, fataken nan da asalinsu ya gangaro daga wajen Azbin, suka zauna cikin Hausawa har harshe da ɗabi'a suka zama ɗaya. Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi a fataucin Gwanja. Wanda bai san wannan fatauci ba sai ya ɗauka tafiya ce kawai. Ayari ne na jakuna, madugu a gaba, an ɗaure kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, a yi wata da watanni ana keta daji ana biyan fito a bakin kogi. A dawowa kuma goro ne a cikin huhu, kayan da ba ya son sakaci: sai an riƙa kwancewa ana tsince wanda ya ɓaci, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ka iso Kano da asara.

A irin wannan tafiya, cikin 1877, ayarin Abdullahi ya yada zango a Bebeji, matarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ta haihu. Yaron shi ne Alhassan. Da Abdullahi ya dawo sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji, a can kuma ya rasu wajejen 1885, yaron bai wuce shekara takwas ba.

Amarya ba matar zaman ɗaka ba ce, ita ma da jarinta. Ta kama hanyar Accra, wadda fatake ke kira Ankara, ta bar yaron a hannun wata tsohuwar baiwar gidan. Ita ce Tata. Ita ta raine shi, ta tura shi makarantar allo, kuma a labarin da ake bayarwa ita ta saya masa asusu ta koya masa jefa abin da ya samu a ciki. Mutanen gari suka riƙa cewa ɗan Tata, ɗan Tata, har sunan ya danne na uba da na kaka. Ni dai wannan ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin gidan: attajirai jikokin attajirai, amma sunan da suke amsawa na baiwa ne.

Ƙuruciyar Alhassan ba ta zo da sauƙi ba. Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Agalawa suka bi Tukur, aka ci su, Alhassan ma yana cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe shi. Da ƙura ta lafa ya koma sana'ar gado, sai dai ya sauya mata hanya: maimakon bin daji da jakuna, ya riƙa saka goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Legas.

Sai jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, Turawa suka buɗe ido suna neman gyaɗa. Alhassan yana da abin da ba su da shi, wato yara da dillalai a ƙauyuka, da amanar manoma. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, kuma sunansa ba ya rabuwa da dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, an ce raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin nan ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su wargaza kamfaninsa.

Ahmadu ya riƙi ragama, amma bai daɗe ba, ya rasu a 1960. Mamuda ya yi fice a jigilar alhazai. Sanusi ya ci gaba da gyaɗa da sufuri, ga shi Baƙadire na kusa da Malam Nasiru Kabara, ya rasu a 1997. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya yi fice a harkar gine-gine, ya kuma yi kwamishina zamanin Audu Baƙo.

Reshen da ya fi nisa kuwa ta wajen mace ya fito. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957. Mahaifinsa ya rasu a 1965, shi ma yana da shekara takwas, kamar dai kakan mahaifiyarsa a Bebeji, sai ya tashi a inuwar Sanusi. A 1977, shekara 100 cif bayan haihuwar nan ta zango, ya fara kasuwancinsa da rancen da ya karɓa a dangin uwa. Daga buhunan siminti da sukari aka kai ga matatar man Lekki mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2023. Mai bin salsala ta wajen maza kaɗai ba zai ga Aliko a jerin ba sam.

Alhaji Aminu ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025, yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne a Baƙi'a. A makon rasuwarsa jaridu daga Legas har Landan sun yi ta buga sunan Tata, tsohuwar Bebeji mai asusu.