Kasuwar bai ɗaya ta Afirka: gyaran da aka yi wa dokokin noma da abin da ya shafi manomin Dayi

AfCFTA ita ce yarjejeniyar ciniki maras shinge tsakanin ƙasashen Afirka. An fara sa mata hannu a Kigali a watan Maris na 2018, amma Najeriya ta noƙe, don masu masana'antu da 'yan ƙwadago sun ji tsoron kada kayan waje su kashe na gida. Sai ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Yamai, aka buɗe ciniki ranar 1 ga Janairun 2021. Tsarin shi ne a janye haraji sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya.

To amma janye haraji kaɗai ba ya sayar da hatsi. Mai saye a Accra ko Nairobi zai tambayi irin da aka shuka, da maganin da aka zuba. Nan ne dokoki biyu na 2019 suka shigo. Ta farko ta ƙara wa hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ƙarfin hukunta masu sayar da jabun iri. Ita ce ta kawo tambarin nan da ake kankarewa a jikin leda, a tura lambar ta waya. In za ka sayi SAMMAZ ko SAMCOT na cibiyar IAR Samaru, kankare tun kana gaban mai shago. Ta biyu dokar ingancin taki ce: dole mai haɗa taki da dillali su yi rajista, abin da aka rubuta a buhu kuma ya zama shi ne a ciki. Dokar dai na nan. Sa ido a kasuwannin ƙauye ne har yanzu da saura.

Babban darasin na wake ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya, ya zarce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. Galibi ba a gona ake wannan ɓarnar ba, a sito ne. Wake daga Dayi ko Malumfashi kan haɗu da na wasu garuruwa a Dawanau, don haka buhu ɗaya da aka yi wa feshi ya isa ya sa a dawo da lodi guda. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba, muddin wake ya bushe sosai, an kuma ɗaure kowace leda daban.

Masara da gyaɗa kuwa matsalarsu gubar funfuna ce. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba, kada kuma masara ta shiga buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13. Ana barbaɗa Aflasafe a gona mako biyu zuwa uku kafin fure.

Tun 2024 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtua, inda za a iya kammala takardun kwastam ba sai an je Legas ba. Manomi mai buhu ashirin ba zai cika kwantena ba, ƙungiya ce za ta iya. Abin da za a nema a wajenta: rajista, takardar lafiyar amfanin gona daga hukumar NAQS, da shaidar cewa kayan noman Najeriya ne. Sakataren ƙungiya ya buɗe littafi tun daga shuka: sunan manomi, irin da ya shuka, maganin da ya fesa da ranar feshi.