Wa ke da hanya a Diffa? Daga burtali zuwa fararen layukan gudron



Akwai fararen layukan nan da ake shafawa a gicciye bisa gudron, waɗanda a lakwal aka koya mana sunansu pasaj piyeton, wato mashigar masu tafiya a ƙasa. Duk wanda ya tsaya bakin hanya da safe, lokacin da yara ke tafiya lakwal, ya san yadda abin yake. Yaro ya tsaya kan layi, mota ba ta tsaya ba. Tsohuwa ta ratsa can nesa da layi, direba ya yi ta danna oda yana faɗa. Kowa na ganin shi ke da gaskiya. To wannan gardama tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi mota.

Kwarin nan namu tsohuwar hanya ce. Birnin Ngazargamu, fadar Borno har zuwa 1808, yana kusa da wannan kogi. Gishiri da kanwar Manga a kan jakai da takarkarai suke fita, ayarin Bilma kuma ta N'Gigmi yake saukowa. Bature Barth ya ƙetare Komadugu a Yo cikin 1851, kuma a bisa gorunan duma da aka ɗaure aka ƙetarar da shi da kayansa. Hanyar wancan zamani gudun jaki gare ta, shi ya sa kowa na ganin fuskar kowa. Wanda ke kan doki ba ya tada ƙura a kan mutanen da ke zaune, sai ya ja linzami ya yi sallama. Mai kaya a ka, ana kauce masa. Yaro ba ya tare gaban dattijo. Ba polis, ba jandarma, amma wanda ya taka wannan ladabi, kafin ya isa gida an san ɗan wane ne. Ku lura fa: a wannan tsari wanda ke sama, mai ƙarfi, shi ke sassautawa saboda wanda ke ƙasa.

Akwai kuma burtali, kuma nan ne muke so mu ɗan daɗe. Makiyayin da ke so ya kai shanu kogi dole ya ratsa gonakin tattasai da ke bakin ruwa. Manomi ya fi shi zama a wurin, gonar tasa ce, amma an yarda cewa akwai wata siririyar hanya da ba ta manomi ba ce, ko da a tsakiyar gonaki take. Gwamnati ta zo daga baya ta rubuta abin: kundin dokokin karkara na 1993, sannan dokar makiyaya ta 2010. Kwamitocin filaye, waɗanda muke cewa Kofo, suna kafa ginshiƙan siminti don a ga iyaka. Ba mu ce babu rikici ba, akwai shi, har jini ya sha zuba a kansa. Sai dai ko wanda ya cinye burtali da noma ya san ya ci, kuma idan aka je gaban mai gari ba wanda zai tsaya yana masa bayanin mene ne burtali. Fararen layukan gudron burtalin mutane ne. Bambancin kawai, burtali kakanninmu ne suka zauna suka yarda da shi, layin kuwa wata rana muka wayi gari muka tarar an shafa.

Yaya gudron ya shigo? Kafin 1964 Diffa ƙaramin gari ne, N'Gigmi ce ke da suna wajen mulki. Gyaran tsarin mulkin ƙasa na wannan shekara ya raba Nijar kashi 7, Diffa ta zama mazaunin perefe. A shekarun 1970 aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa N'Gigmi da taimakon Kanada, ta biyo ta Maine-Soroa da Diffa, ita ce ƙarshen RN1 da ta taso tun daga Yamai, sama da kilomita 1,300. Wani abin da matasa ba su sani ba: har zuwa 2 ga Afrilu 1972, a Najeriya hannun hagu ake tuƙi, mu kuma dama. Direban da ya ƙetare kogi sai ya sauya hannu, mai tafiya a ƙasa kuma sai ya sauya wajen da zai fara dubawa.

An yi RN1 ne don wucewa, don kamiyo ya taso daga Damagaram ya isa bakin Tafki. Mu kuma muka mai da ita babban layin gari. Kasuwa, tasha, ofisoshi, masu shayi, masu gyaran taya, duk suka jeru gefe da gefe. Wanda gidansa ke arewa da gudron, lakwal ɗin ɗansa ko aikinsa na kudu, dole ya ratsa sau huɗu a yini. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 56,000 a kwamin ɗin Diffa, tun kafin abin da ya biyo baya kenan. Ga kabu-kabu sun cika gari, ga motocin tattasai da na bandar kifi masu nufar Najeriya, ga manyan motocin aikin man Agadem tun daga 2008.

Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro layin, wahala ce ta sa su. A Paris, cikin shekarun 1920, manyan ƙusoshi masu faɗin kai aka riƙa kafawa a hanya don nuna wurin ƙetarawa, shi ya sa har gobe tsofaffin malaman lakwal ke cewa pasaj kulute. A Ingila, garin Slough ne aka fara shafa layukan fari da baƙi a 1951. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Nijar ta shiga, ta ɗora wa kowa nasa nauyi. Direba idan ya doshi mashiga ya rage gudu, in ta kama ya tsaya cak don wanda ya riga ya shiga. Mai tafiya a ƙasa kuma ya bi mashigar idan tana kusa, kada ya faɗa hanya bai duba nisan mota da gudunta ba. Wannan ne ake koyarwa a oto-ekol. Amma mutum nawa ne cikin masu ratsa gudron ɗinmu suka taɓa shiga oto-ekol? Kai, cikin masu tuƙin ma mutum nawa?

Sai 2015. Ranar 6 ga Fabrairu aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan moto a jiha baki ɗaya. Duk wanda ke nan ya tuna. Malamin lakwal, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwa, ɗan kabu-kabun da moto ne abincinsa, kowa ya koma ɗan ƙasa, ana taka sayyada cikin rana. A waɗannan shekaru kusan dukkanmu mun ɗanɗana yadda ake ji idan kana tsaye bakin gudron, ƙafarka ɗaya a kan kwalta, mota ta wuce ka kamar ba mutum ba ne kai. Daga baya taksi da adaidaita suka yawaita, da yawa daga cikin masu tuƙa su tsofaffin ƴan kabu-kabu ne da suka sauya abin hawa ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu dokar hanya ba. Ba laifinsu ba ne su kaɗai, ciki ne ya kora su.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Mayun 2015 aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Chadi. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, dubban mutane suka taso a ƙafa. Ina suka zauna? Bakin RN1, don nan ne ake ganin soja, nan ne motar ruwa da ta abinci ke iya isowa. N'Gagam, Kinjandi, Garin Wanzam, Assaga, ga su nan rumfuna jere da kwalta. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙara turo wasu daga bakin kogi zuwa tudu. Yaron da aka haifa a tsibiri, wanda jirgin ruwa da saniya kawai ya sani, ya wayi gari ƙofar ɗakinsu taku kaɗan ce daga babbar hanyar ƙasa. Famfo na wancan gefe, shi yana wannan gefe da jarka a hannu. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa motar da yake hangowa ƙarama can nesa, kafin ya kai tsakiya ta iso.

A daidai wannan lokaci kuma tsoro ya koya wa direbobi gudu. An ce kada ka tsaya a hanya, ba ka san wa ke cikin ciyawa ba. Ga dokar hana fita, kowa na sauri ya shiga gida kafin lokaci ya cika. Ayarin motoci ba ya rabuwa saboda akuya ko saboda mutum. Wallahi a lokacin akwai hujja, ba mai musu. Amma hali idan ya shiga ƙafa ba ya fita da wuri, kuma har yau akwai masu shigowa tsakiyar gari da gudun da suka koya a dajin Toumour.

Shirin Diffa N'Glaa, na bikin 18 ga Disamba da aka yi a nan cikin 2021, ya kawo sabbin tituna da fitilu da shataletale. Gari ya yi kyau, mun gode. Sai dai ramukan da muke zagi a da, su ne ke taka wa mota birki. Hanya mai santsi gudu take kira. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki ya riga ya wuce tsawon babbar motar fasinja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau 4 da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Tsakanin 50 da 65 kuwa, direba ko a jikinsa ba ya jin bambanci.

Muna jin ƙorafin direbobi, kuma akwai gaskiya ciki. Wani zai ratsa yana waya ko duba hanya bai yi ba. Masu talla sun cinye gefen hanya, sun turo mutane kan kwalta. Wani saurayi da gangan yake jan ƙafa don ya nuna ba ya tsoro. Duk haka ne. Amma mu ba mu yarda a raba laifin biyu daidai ba. Mai ƙafa idan ya yi kuskure, jikinsa ne zai biya. Direba idan ya yi kuskure, jikin wani ne zai biya. Kakanninmu da suka ce mai doki ne zai ja linzami ba su karanta Vienna ba, lissafin nan kawai suka yi. Kuma abin da ya ɓace mana tsakanin doki da mota shi ne fuska. Mutumin da zai sauko ya durƙusa ya gai da Hajiya a ƙofar gida, da "wushe" da "ina kwana", shi ne zai watsa mata ƙura idan gilashi ya rufe shi.

Sannan layukan kansu. Wasu iskar hunturu ta binne su da rairayi, wasu rana ta cinye fentin, wasu kuma tun farko an shafa su inda taswira ta nuna, ba inda ƙafar mutane ke bi ba. Burtali ba a ofis ake zana shi ba, sawun shanu ake bi a kafa ginshiƙi. Idan meri da hukumar ANISER da sindikan direbobi za su zauna, aikin farko shi ne a tura mutum ya tsaya yini ɗaya ranar kasuwa ya ga inda jama'a ke ratsawa da kansu: ƙofar kasuwar tattasai, bakin tasha, gaban asibiti, gaban kowace lakwal da ke kallon gudron, da wuraren famfo a matsugunan da ke kan hanyar N'Gigmi. A shafa fenti a nan, a sa tudun rage gudu kafin a iso shi, kuma a sabunta kafin komawar yara lakwal a watan Oktoba, tunda damina da rairayi ba sa barin fentin bara ya kai bana.