Tarihin Bijirewar Cututtukan Fungas ga Magani

Bijirewar fungas ga magani shi ne yanayin da ƙwayoyin fungas, dangin funfuna da yis, ke daina jin maganin da a da yake kashe su. Abin da ya sa lamarin ya yi tsanani shi ne ƙarancin magungunan. Ginin ƙwayar fungas ya yi kusa da na jikin ɗan Adam, don haka da wuya a samu maganin da zai kashe ta bai taɓa majiyyaci ba.

Magungunan farko

A 1950 Elizabeth Hazen da Rachel Brown suka gano nystatin a Amurka. Amphotericin B ya biyo baya a cikin shekarun 1950. Yana da ƙarfi, amma yana wahalar da ƙoda. Da fluconazole ya fito wajen 1990, likitoci suka samu sauƙi, domin ƙwaya ce ta haɗiya. Sai dai masu cutar ƙanjamau da suka daɗe suna shan sa saboda farin ƙurajen baki sun fara zuwa da ƙwayar fungas ta Candida da ba ta jin sa.

Daga gona zuwa asibiti

A ƙarshen shekarun 1990 aka gano Aspergillus fumigatus mai bijire wa magungunan azole, dangin fluconazole, a Holan, har a jikin waɗanda ba su taɓa shan su ba. Masana sun alaƙanta hakan da magungunan feshin gona masu irin wannan sinadari.

Sabbin nau'o'i

A 2009 aka bayyana Candida auris daga kunnen wata majiyyaciya a Japan. Tana daɗewa a jikin gadaje da kayan asibiti, kuma mafi yawanta ba sa jin fluconazole. Ta ɓarke a wani asibitin Landan a 2015. A Indiya kuwa, makero mai taurin kai ya yaɗu, wanda aka raɗa wa ƙwayarsa suna Trichophyton indotineae a 2020. Shafa man da aka gauraya da sitiroid ba tare da umarnin likita ba ya taimaka wajen yaɗuwarsa, kuma irin wannan man yana nan a shagunan magani na Najeriya.

A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fungas 19 mafiya haɗari, tana kiran a ƙarfafa gwaji, sa ido da neman sabbin magunguna.