Zangon da Ruwan Volta Ya Ci

Titin da ya ratsa Tafo ta Kumasi ya nufi Mampong, kan tsohuwar hanyar goro aka zuba kwaltarsa. Daga Mampong sai Ejura, sai Atebubu, sai Yeji, inda mota ke tsayawa cak domin ruwa ya tare gaba. Mai zuwa Salaga sai ya jira jirgin fito ya haye da shi Makango. A zamanin kakanninmu kogi ne kawai a wurin, madugu ya biya kuɗin fito, 'yan alaro su shiga kwalekwale da huhunan goro, a miƙe zuwa Gwanja. Yau tafki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga gidajensu. A cikin garuruwan da ruwan ya ci akwai wanda nake ganin ya kamata kowane ɗan zango a Kumasi ya san labarinsa, wato tsohuwar Kete-Krachi.

Gari biyu ne aka haɗa wa suna. Krachi ta 'yan ƙasa ce, a can Dente yake cikin kogonsa, abin bautar da har sarakunan Asante ke aikawa neman shawararsa. Kete kuwa zango ne, mazaunin fatake. Da Ingila ta karya Tonawa, wato Asante, a 1874, ƙasashen da ke gabas da Volta suka kuɓuce wa Kumasi, babban bokan Dente ya zama shi ke da wuƙa da nama a kan hanyar fatauci. Gishirin Ada da ake haurowa da shi ta ruwa a nan ake sauke shi. Da yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, Hausawa da sauran Musulmi suka kwararo Kete, kasuwa ta cika ta batse.

To ga abin da ke ɗaure mini kai, yake kuma burge ni. Mutanen da ke kiran salla sau biyar a rana sun zauna daf da wurin tsafin da ya fi kowanne kwarjini a yankin, shekara da shekaru. Ba su shiga kogon ba, 'yan ƙasa ma ba su bi su masallaci ba. Ba zan ce zaman babu gutsiri-tsoma ba, domin an sha kai ruwa rana a kan kuɗin fito da iko da kasuwa, kuma Jamusawa da suka shigo sun harbe bokan Dente a 1894. Amma ladan bai daina kira ba, masu kai wa Dente hadaya ba su daina ba, kuma da gari ya waye kowa kasuwa ɗaya zai je. Baƙo ya san ƙasa tana da mai ita, mai ƙasa ya san baƙo ya zo da arziki da kuma addininsa, ba zai ajiye shi a bakin kogi ba.

A wannan zangon ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci har rasuwarsa a 1934, bayan ya baro Salaga. Ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata. Ya zauna da Bajamushen nan Adam Mischlich yana rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa. Almajiransa sun bazu cikin zangunan Gana, har nan Kumasi. Malami ne da ya ga mai tsafi, ya ga mai mishan, ya ga Bature mai bindiga, bai rufe ƙofar zaurensa ba, bai kuma sassauta akidarsa ba. Ina jin ciwon yadda yaranmu a makarantun Tafo za su lissafo maka malaman Masar da Madina, amma ka ambaci Alhaji Umaru su yi shiru.

Da ruwa ya zo, an gina sabuwar Kete-Krachi a tudu, tafki ya kusan kewaye ta. Ya kuma kawo wasu baƙin: masunta Ewe daga ƙasar Tongu suka hauro da tarunansu da coci-cocinsu, suka kafa ƙauyuka a gaɓa. Itatuwan dajin da ruwan ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi, suna yaga taru, wani lokaci su huda jirgi a yi asarar rayuka. Goggona ta daɗe tana sarin banda a Yeji tana kawowa Kumasi. Matar da ke ba ta kaya Kirista ce, tana kiran ta Hajiya, ita kuma ta ce mata Daavi. Kwando nawa aka ɗauka, nawa aka biya, nawa ya rage, duk a ka suke riƙe shi, babu takarda. In lokacin salla ya yi, matar ce ke jawo mata buhu ta shimfiɗa a bayan murhun banda, ta tsare mata kayan har ta sallame. In azumi ya zo takan ƙara mata kifi a saman kwando ta ce na shan ruwa ne.

Mu ma a Tafo a kan ƙasar wasu muke, kuma mun ga abin da ke faruwa in aka yi sake. A watan Fabrairun 2016 rigima ta tashi a kan katangar maƙabarta tsakanin matasan zango da mutanen fada. Aka rasa rai, aka farfasa motoci, aka sa dokar hana fita, sojoji suka cika titin Mampong. A waɗancan kwanakin mai koko da ƙosai ba ta fito ba, kuma rabin masu tsayawa layinta da asuba 'yan coci ne. Sai da manyan ɓangarorin biyu, limamai da sarakuna, suka zauna aka tattauna kafin kasuwa ta sake ci, motocin Yeji suka ci gaba da lodi.